Great Circle Mapper: gwajin nisan Kano zuwa Guangzhou

Ɗan kasuwar da ke shirin zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sarin kaya zai amfana da shafin gcmap.com kafin ya biya kuɗin tikiti. Kyauta ne, babban aikinsa kuma shi ne: auna mafi gajartar tazara tsakanin filayen jirgi biyu a doron ƙasa.

Da lambobin filayen jirgi yake aiki, haruffa uku-uku. Filin Malam Aminu Kano KAN ne, na Baiyun a Guangzhou CAN. A kula, harafi ɗaya ne ya raba su. Kana rubuta KAN-CAN zai zana maka layi ya ba ka kusan kilomita 10,950. Sai dai da mil yake fara nunawa, don haka a sauya ma'aunin zuwa kilomita. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, na matuƙa jirgi kuwa 1.852, kuma rikita su ke sa lissafi ya kauce da ɗaruruwan kilomita.

Inda shafin ya fi burge ni shi ne kwatanta wuraren yada zango. Ka jera hanyoyi da waƙafi a tsakani: KAN-ADD-CAN, KAN-CAI-CAN, KAN-DOH-CAN. Ta Addis Ababa kusan kilomita 11,370 ne, wato 3,330 zangon farko, 8,040 na biyu. Ta Alƙahira kusan 11,090. Mai duba taswirar bango zai rantse Alƙahira ratse ne tunda tana arewa, alhali ta fi Addis kusa da kimanin kilomita 280, domin duniya a dunƙule take, layin ya kan lanƙwasa ta arewa. Doha kuwa kusan a kan layin take zaune, da ƙyar ta ƙara wani abu. In jirginka zai fara tsayawa Abuja, dole ka cusa ABV a jerin, in ba haka ba lambar ta yi ƙasa.

Rauninsa a nan yake: nisan da ya bayar ba shi ne wanda jirgi ke ci ba. Bai san an rufe sararin samaniyar Sudan a watan Afrilun 2023 ba, ga shi layin Kano zuwa Addis ta kudancin ƙasar yake ratsawa. Bai san iska ba, wadda ta kan tura jirgi in ya nufi gabas, ta tare shi a dawowa. Ka ba shi gudun kilomita 850 a awa, zai ce Addis zuwa Guangzhou awa tara da rabi ne, ba tare da tashi, sauka da jiran layi ba. Awannin zaman jira a zango da bambancin awa 7 tsakanin Kano da Sin, kai za ka lissafa.

Da Turanci kawai yake, rubutunsa ƙanana ne a waya, a kwamfuta ya fi daɗi. Babu farashi, babu jadawalin tashi. Don kwatanta hanyoyi ina ba da shawararsa, lokacin isa kuwa a dogara da abin da ke kan tikiti.