Kwalin murar yara da ake yayi a Tawa: ku juya kwalbar siron ku karanta bayanta

Tun da sanyi ya kama, hazo ya rufe gari, kwalin nan ake ta miƙo wa iyaye a shagunan magani. Abu huɗu ne a ciki: siron tari da mura, ƙwayoyin bitamin C da zinc masu tafasa a ruwa, ɗan gwangwanin man shafa ƙirji, sai ƴan robobin serom guda 10 na wanke hanci. Kuɗinsa kun san shi, ba sai na faɗa ba. An yi amfani da shi a gidanmu ga yaro ɗan shekara 2 da wata 4, mai nauyin kilo 12, da mura ta kama shi: majina, atishawa, tarin dare, zafin jiki 38.4. Kafin a ba shi komai sai da aka kai shi likita aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ba a ga komai ba, majo, wato ma'aikacin jinya, ya ce mura ce, a ba shi farasetamol da ruwa da yawa.

Siron ne ya ɓata mini rai, kuma har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. A gaban kwalbar an zana koren ganye da saƙar zuma, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa da ganye da zuma aka yi shi. Mai shago ma cewa ya yi: "Hajiya, wannan ba ruwansa da sinadari, ko jinjiri ya sha lafiya lau." Umarnin da ke jiki shi ne cokali ɗaya sau uku a rana, ba a ce wane cokali ba.

Daren farko yaro ya yi barci shiru, tari ya lafa. Kowa ya gani zai ce magani ya karɓe shi. Washegari har hantsi bai wartsake ba. Ana tada shi ya sha kunu, yana lumshe ido da kofi a baki. Leɓensa ya bushe, majinar da jiya take zuba kamar ruwa ta yi kauri ta daskare a ƙofar hanci kamar ƙaro, da baki yake numfashi. Nan ne aka juya kwalbar, aka haska fitilar waya a kan ƙananan rubutun da ke can ƙasan takarda. A cikin kowane mililita 5 akwai farasetamol miligiram 125 da kulorfeniramin miligiram 1. Ganyen da zumar da aka cika gaban kwalba da hotonsu su ne na ƙarshe a jerin.

To ga lissafin, kowa ya yi shi da kilon ɗansa. Ƙa'idar farasetamol ga yaro ita ce miligiram 15 kan kowane kilo a sha ɗaya, duk bayan awa 6, kada ya wuce miligiram 60 kan kowane kilo a kwana guda. Mai kilo 12 zai sha 180 sau huɗu, 720 ke nan, kuma nan ne iyaka. Yaron nan yana kan wannan 720 ɗin tun daga likita. Siron ya ƙara masa 125 sau uku, wato 375. Jimilla 1,095, sama da miligiram 90 kan kowane kilo. Wannan fa don an auna da sirinji ne, mililita 5 cif. Gidan da za a ɗauko babban cokalin cin shinkafa, mai cin mililita 15, siron kaɗai zai ba da 1,125, a haɗa da 720 ya zama 1,845. Ya ninka iyaka sau biyu da rabi ke nan, a jikin yaron da ba ya cin abinci, ba ya shan ruwa sosai. Murfin awon da suka sa a kwalin kuwa farar roba ce da layukan da ba su da launi, da rana ma sai ka karkata shi ga haske kafin ka ga 5 da 10, balle da dare.

Hanta farasetamol yake ci idan ya yi yawa, kuma mugun halinsa shi ne ba ya nunawa da wuri. Ranar farko ƙila tashin zuciya ne kawai da amai, abin da kowa zai ɗora wa mura. Sai bayan kwana biyu ko uku ciwon ciki ta ɓangaren dama da shawara su bayyana, lokacin ɓarna ta yi nisa. Akwai makarinsa a asibiti, amma da wuri yake aiki. Duk wanda ya gano ya haɗa wa ɗansa magunguna biyu masu farasetamol, ya dakatar da su duka, ya ɗauki kwalaben biyu ya tafi likita a ranar, ya faɗi nawa aka ba shi da ƙarfe nawa. Haka aka yi a nan, kuma Allah ya taƙaita, kwana ɗaya ne kawai.

Kulorfeniramin ɗin ma bai fi mini sauƙi ba. Maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana sa barci, yana busar da hanci da maƙogwaro. Bai taɓa ƙwayar bairos ɗin da ta kawo murar ba, yaron ya kwantar kawai. Ga mu a ƙasar da zazzaɓin sauro yake, ga sanƙarau da ke zuwa daidai wannan lokaci na iska da ƙura. Yawan barci da kasa tashi yana cikin manyan alamun da ake cewa a ruga da yaro asibiti. Idan magani ne ya sa shi barcin, ta yaya uwa za ta bambance? Abin da ya rage mata shi ne ƙirga numfashi, kuma ya kamata kowa ya iya. A ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, ba yana kuka ba, a ƙirga tashin ƙirjinsa minti ɗaya cur da agogon waya. Ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙari yana faɗawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa shan nono da ruwa, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko wuya ya sanƙare, maganar gida ta ƙare. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zafin jiki 38 kaɗai ya isa a tafi. Numfashin yaron nan 32 ne a minti, shi ya ɗan kwantar da hankali a hanya.

Ba sabon abu ba ne wannan. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta ce kada a ba yaro ƙasa da shekara 2 irin waɗannan haɗe-haɗen na tari da mura. Ingila ta kai nata shekara 6 a 2009. Faransa ta hana masu tsinka kaki ga ƴan ƙasa da shekara 2 a 2010, ta bi da masu sa barcin nan a 2011. Sannan ba mu manta da Gambiya ba, inda a 2022 yara kusan 70 suka rasu da ciwon ƙoda bayan shan siron tari da aka samu gurɓataccen sinadari a ciki, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Oktoba na shekarar. Shi ya sa siron da ke yawo a faranti cikin rana, ba lambar kamfani ba ranar lalacewa, ko kyauta ne ban yarda ya shiga bakin yaro ba.

Amma in faɗi gaskiya, ƴan robobin serom ɗin nan da ban ɗauke su bakin komai ba, su suka fid da kwalin kunya. Ruwan gishiri ne zalla, giram 9 a lita, daidai da gishirin jikin mutum, shi ya sa ba ya raɗaɗi. Wanki biyu kawai, majinar da ta daskare ta saki, yaro ya rufe baki ya koma numfashi da hanci, ya shanye kununsa. Sai dai a yi shi yadda ya kamata, don ɗigo biyu a bakin hanci ba ya komai. A kwantar da yaro a gefe, ba rigingine ba, a dafe kansa. A sa bakin robar a ƙofar hancin da ke sama, a matse lokaci guda da ɗan ƙarfi. Ruwan zai fito ta ƙofar ƙasa ɗauke da majina. A zaunar da shi ya huta, a share, a juya shi ɗaya gefen a sake. Ƙaramin jariri rabin roba ya ishe shi a kowace ƙofa, wato mililita 2.5. Zai yi kuka, zai tsaya cikin minti ɗaya. Kafin shan nono ko cin abinci ake yi da kuma kafin barci, in aka yi bayan ya ƙoshi amai zai biyo baya. Ga mai shan nono wannan ya fi komai, domin da hanci jariri yake numfashi, in ya toshe sai ya riƙa sakin nono yana kuka, uwa ta zaci ƙin sha yake. Robar da aka buɗe ba ta kwana biyu, kuma ba a raba ta tsakanin yara.

Guda 10 sun yi kaɗan, wanki huɗu a rana ko kwana uku ba za su kai ba, alhali mura kwana 7 zuwa 10 take yi, tarin ma yakan ja har mako uku. Idan sun ƙare ana sayen serom shi kaɗai, ko a haɗa a gida: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, da gishirin girki mai tsabta cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe. Ban da kanwa, ban da gishirin kantu na dabbobi. In gishiri ya yi yawa zai yi zafi, ruwa zalla ma yana raɗaɗi. A zuƙa da sirinji marar allura wanda ba na awon magani ba, abin da ya kwana a zubar a sake sabo.

Ga tarin dare kuma zuma ta gaske ta wadatar. Rabin cokalin shayi ga ɗan shekara 1 zuwa 5, cokali ɗaya ga ɗan 6 zuwa 11, kafin kwanciya, ita kaɗai ko cikin ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami. Yaron nan ya samu sauƙin tari da ita, kuma da safe ya tashi garau yana ɓarnarsa. Jaririn da bai cika wata 12 ba kuwa ba a ba shi zuma ko ɗis, ko an dafa ta. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya kashewa ba tukuna, sai ka ga jariri ya saki jiki laƙwas, ya kasa tsotso, kashi ya tsaya. Nonon uwa shi ne maganin maƙogwaronsa.

A daidai nan na so in ce a sayi kwalin ko don serom ɗin. Sai na tuna siron nan da ake cewa ko jinjiri ya sha, zuma ce a gabansa ɓaro-ɓaro, kuma ko layi ɗaya babu na gargaɗin wata 12. Na koma kan sauran kayan, haushi ya dawo sabo. Ƙwayar mai tafasa bitamin C miligiram 500 ce da zinc miligiram 10, awon manya ne aka cusa a kwalin yara. Buƙatar ɗan shekara 2 ba ta wuce miligiram 30 a rana ba, lemun zaƙi ɗaya ko goba ɗaya ya biya ta har da ragi, ga garin ƴaƴan kuka a cikin kunu. Fara shan bitamin C bayan mura ta riga ta kama ba ya korar ta, yawansa ma zawo yake sawa. Zinc kuwa wurin aikinsa da aka tabbatar ga yara zawo ne, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba. A cikin da ba abinci tashin zuciya yake kawowa.

Man shafawar kafur ne da mantal, ba a rubuta shekaru a gwangwanin ba ko kaɗan. Ba na ƴan ƙasa da shekara 2 ba ne, ba a sa shi cikin hanci ko a bakin hancin, kuma yaron da ya lashe shi da yawa kafur na iya sa shi jijjiga. Sanyin da ake ji ba buɗewar hanci ba ce. Haka man shanu ko man habbatus sauda da ake ɗiga wa jarirai a hanci, in ya gangara huhu ciwo yake zama. Surace da tafasasshen ruwa ƙuna ya fi kawowa, garwashi da turaren wuta a rufaffen ɗaki ƙara tarin suke yi, kuma don Allah kada tarin mura ya sa a kai yaro cire beli. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore a kwana na uku ko na huɗu, haka mura take tafiya, ba dalilin sayen antibiyotik ba ne.

Da aka mayar wa mai shagon kwalbar aka nuna masa rubutun, sai ya kai ta kusa da ido ya ce: "Wallahi Hajiya ban taɓa lura ba." Na yarda bai lura ba, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan, don kwalaye nawa ya miƙa wa iyayen da suka fito daga likita da farasetamol a hannu? Na ce masa: "Malam, ko da biro ne ka rubuta farasetamol a gaban kowane kwali, ka kuma riƙa tambayar watannin yaro kafin ka miƙa." Ya ce zai yi. Kuɗin siron bai mayar ba, ya dai ba da serom kwali ɗaya a madadinsa.