Sharhi a kan ƙunshin landscapemetrics: yadda ya yi mini aiki a taswirar Jos da kewayenta

Duk wanda ya taɓa kallon hoton tauraron ɗan'adam na Jos da kewayenta ya san cewa ƙasar ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Ga tafkunan da haƙar kuza ta bari a wajen Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi, ga gonakin dankalin turawa da ake shayarwa da ruwansu a lokacin rani, ga duwatsun Shere, ga kurmin da ya rage a bakin rafuka, sannan ga gidaje da ke ta cin fili. Masu nazarin muhalli suna mayar da irin wannan tsari zuwa lambobi, su ƙirga gutsattsarin kurmi, su auna girmansu da tsawon gefensu da nisan da ke tsakaninsu. Na shafe watanni ina wannan aiki da ƙunshin landscapemetrics, wato tarin umarnai da ake ƙarawa a cikin manhajar lissafin ƙididdiga ta R, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda yake nuna wa mutum alaƙar da ke tsakanin ma'aunan da kansu.

Maximilian Hesselbarth da abokan aikinsa ne suka gabatar da ƙunshin a mujallar Ecography a shekarar 2019. Yawancin ma'aunansa ya gaje su ne daga FRAGSTATS, manhajar da Kevin McGarigal da Barbara Marks suka fitar a 1995, wadda ta daɗe tana jan ragamar wannan fanni. Bambancin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne, a FRAGSTATS mutum zai yi lissafi, ya fitar da tebur, sannan ya kwashe shi zuwa wata manhaja kafin ya zana komai, alhali a nan lissafi da zane duk a wuri ɗaya suke. R kyauta ce, ƙunshin ma kyauta ne, kuma da zarar an sauke su ba sa buƙatar intanet, abin da ɗalibin da ke sayen data daga aljihunsa zai yi maraba da shi.

Na yi amfani da taswirar WorldCover ta hukumar sararin samaniya ta Turai ta shekarar 2021, wadda kowane ɗigonta ke wakiltar mita 10 a ƙasa. Tun a matakin farko ƙunshin ya cece ni daga kuskure, domin da na kira umarnin check_landscape sai ya nuna mini cewa taswirar tana kan ma'aunin digiri ne, kuma duk faɗin filin da zan lissafa a haka zai zama shirme. Sai da na juya ta zuwa tsarin UTM mai auna ƙasa da mita, shiyya ta 32 ta arewa, inda Jos take, kafin na ci gaba. Daga nan na yanka yankin gida-gida kamar dara, kowane gida kilomita ɗaya a tsaye da kwance, na sa umarnin sample_lsm ya lissafa ma'aunan kurmi a cikin kowanne. Sunayen umarnan suna da tsari mai sauƙin riƙewa, domin harafin p yana nufin gutsure guda, c yana nufin nau'in fili kamar kurmi ko gona, l kuma yana nufin yankin gaba ɗaya.

Matsalar da ke jiran kowa a nan ita ce yawa. Ma'aunan sun haura 100, kuma sabon shiga yakan ɗauka cewa kowanne da labarinsa daban. Umarnin show_correlation yana warware wannan ruɗu cikin daƙiƙu, ta hanyar zana allo mai gidaje, inda kowane gida ke nuna ƙarfin alaƙar ma'auni biyu da launi. Ranar da na fara ganin allon nawa, na tarar da adadin gutsattsari da cunkoson gutsattsari sun rine da launi mafi ƙarfi, kuma dalilin a fili yake: na biyun ba komai ba ne face na farkon an raba shi da faɗin fili, gidajen da na yanka a taswira kuwa duk girmansu ɗaya. Haka jimillar gefe da cunkoson gefe. Ma'aunan da ke nuna yadda kurmi ya dunƙule wuri ɗaya su ma suka taru kamar 'yan gida ɗaya. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun a 1995 Kurt Riitters da abokan aikinsa suka gwada ma'auni 55 a kan taswira 85, suka gano cewa ginshiƙai shida ne ke ɗauke da mafi yawan bayanin. Amma karanta hakan a takarda daban yake da ganinsa a kan ƙasar da mutum ke takawa kullum.

Allon da ƙunshin ke zanawa yana da iyaka, kuma idan ma'aunan suka yi yawa sunayensu sukan cushe. Na fi samun gamsuwa da na miƙa lambobin ga ƙunshin corrplot, wanda ke iya jera ma'aunan da suka yi kama kusa da juna, alaƙar tafiya tare da shuɗi, ta saɓani da ja. Sai dai kafin a kai ga haka dole a juya teburin, saboda landscapemetrics yana fitar da sakamako a dogon layi, kowane ma'auni a ƙarƙashin ɗan'uwansa, ana kuma buƙatar umarnin pivot_wider domin a shimfiɗa shi. Wanda bai saba da R ba zai sha wuya a wannan gaɓa, kuma ina ganin ya kamata jagorar ƙunshin ta fi ba ta muhimmanci.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne abin da allon launi ba ya iya faɗa. A tsakanin kason filin da kurmi ya rufe da cunkoson gefensa, gidan allon ya fito kusan fari, kamar babu ruwan wannan da wancan. Da na zana su ɗigo-ɗigo da ggpairs na ƙunshin GGally, sai ga ɗigogin sun yi tudu kamar tozon sa. Inda kurmi ya yi kaɗan, gefensa kaɗan ne. Inda ya kai kusan rabin fili yana cakuɗe da gonaki, gefen ya kai ƙololuwa. Inda ya rufe ko'ina kuma gefen ya sake raguwa. Alaƙar tana nan da ƙarfinta, amma a cikin hanyoyin auna alaƙa, lissafin Pearson miƙaƙƙen layi kawai yake nema, na Spearman kuma yana neman abin da ke hawa kaɗai ko sauka kaɗai, don haka dukansu biyu suka wuce ta. Da na dogara da allon, da na rubuta a rahotona cewa ma'aunan biyu ba su da dangantaka.

Akwai kuma abin da ba laifin ƙunshin ba ne, amma yana shafar duk wani zane da zai fitar. Shingen ƙerana da manoman Filato ke kewaye gonakinsu da shi bai kai faɗin ɗigo ɗaya ba, don haka taswira ba ta ganinsa, ko da yake tsuntsaye da ƙananan dabbobi suna samun mafaka a cikinsa. Idan aka koma hoton tauraron ɗan'adam na Landsat, wanda ɗigonsa ke wakiltar mita 30, siririn kurmin bakin rafi, irin wanda ake gani a dajin Amurum kusa da Laminga, yakan tsinke ya zama gutsattsari, adadinsu ya hau ba tare da an sare ko bishiya ɗaya ba. Ko zaɓin maƙwabta huɗu ko takwas wajen haɗa ɗigogin taswira su zama gutsure ɗaya yana sauya lissafi, ƙunshin kuma yana ɗaukar takwas idan ba a faɗa masa ba.

Ta fuskar nauyi, kwamfutata ta hannu ta yi ta nishi da na nemi dukkan ma'aunan a kan babban yanki, musamman na nisan gutsure da maƙwabcinsa mafi kusa, har wata rana aka ɗauke wuta batir ya mutu kafin ta gama. Tun daga lokacin nake yanka taswira da ƙunshin terra, in adana sakamako kashi-kashi.

Ina ba ɗaliban digiri na biyu da ma'aikatan gandun daji da na tsara birane shawarar su rungumi wannan ƙunshi, da sharaɗin su fara koyon tushen R na wasu makonni. Ni dai daga dogon jerin da na fara da shi, ma'auni huɗu na rage a aikina: kason kurmi, girman gutsure mafi girma, cunkoson gefe, da nisan maƙwabci, kuma kowannensu sai da na ga zanen ɗigoginsa kafin na bar shi a tebur.