Kakadu ko Nitmiluk? Amsa ga ɗan'uwa mai son tafiyar ƙafa a dajin Ostareliya

Ɗan'uwa, ka ce za ka samu hutun mako guda, kana son ka ɗauki jaka a baya ka kwana a daji, ka ga namun dawa da tarihin 'yan asalin ƙasar, sai ka rasa zaɓi tsakanin Kakadu da Nitmiluk. Dukansu gandun daji ne da aka keɓe a arewacin Ostareliya, kuma iyakarsu ma ta haɗu, amma abin da kowanne zai ba ka daban ne.

Kakadu ƙaton wuri ne, kusan murabba'in kilomita 20,000, kuma tun 1981 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Masu ƙasar, Bininj a arewa da Mungguy a kudu, su ke tafiyar da shi tare da gwamnatin tarayya. In zanen dutse kake nema, nan ne gidansa. A Ubirr za ka ga kifin baramundi da aka zana har da ƙashin bayansa da hanjinsa, kamar hoton asibiti, wani zanen a kan wani, tsohon yana leƙowa ta ƙarƙashin sabon. Tsuntsaye kuwa wajen iri 280 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk tsuntsayen ƙasar. Ka shiga jirgin ruwa da asuba a fadamar Yellow Water, za ka ga kada kwance a bakin ruwa, baki buɗe, ko motsi ba ya yi.

Sai dai kadan nan ne matsalar mai tafiyar ƙafa. Ana ƙiyasta akwai kusan 10,000 a wurin, kuma na ruwan gishiri ba ya wasa da mutum. Ruwan da babu allon izini a gefensa, ko alwala kada ka sunkuya yi a bakinsa. Kwana a cikin daji kuma sai da takardar izini, hanyoyin ba su da alama, dole ka iya karanta taswira, wasu wuraren ma masu ƙasar sun hana shiga saboda tsarkinsu. Baƙo a karon farko, galibi a mota yake yawon Kakadu.

Nitmiluk na mutanen Jawoyn ne, an mayar musu da ƙasarsu a 1989. Yana kusa da garin Katherine, kimanin kilomita 320 kudu da Darwin, babban birnin yankin, inda kogi ya tsaga dutse ya yi kwazazzabai 13. Hanyar Jatbula tana nan, kilomita 62 daga bakin kwazazzabon zuwa magangarar ruwa ta Leliyn, tafiyar kwana biyar zuwa shida. An sa mata sunan Peter Jatbula, dattijon da ya yi fafutukar dawo da ƙasar. Akwai alama a hanya, kuma kowane zango a gefen ruwa yake, irin su Crystal Falls da 17 Mile Falls, a saman tudu inda ake iya wanka. Akwai zanen Jawoyn a wurin da ake kira Amphitheatre, ko da yake bai kai na Ubirr yawa ba. Mutum 15 kacal ake bari su tashi a rana, don haka gurbi yakan ƙare watanni kafin lokaci.

Ni dai Jatbula zan ce maka, tunda tafiyar ƙafa ce ta kawo ka. Ka nemi Yuni zuwa Agusta, lokacin da gida ake damina, can kuwa rani ne mai sanyin dare. Ka riƙa tashi bayan sallar asuba, don rana na yi dutsen zai ɗau zafi. In gurbin ya cika, ka yi hayar mota mai ƙarfi ka ba Kakadu kwanakin.