Horon ɗaliban sakandare a Ingila da namu na Kano

Yaya Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali baki ɗaya, ga bayanin da ka nema game da makarantun sakandaren nan Ingila, musamman yadda malami ke riƙe aji babu bulala a hannunsa, da kuma ko hakan yana taɓa sakamakon jarrabawa.

Gaskiya ne ba a duka. Majalisar dokokin ƙasar ta haramta shi a makarantun gwamnati a 1986, haramcin ya kai ga makarantun kuɗi a 1999, kuma malamin da ya mari yaro a yau ya yi sallama da aikinsa, wataƙila ma ya gurfana gaban kotu. Sai dai mutanenmu na gida suna ɗauka cewa an saki yara sakaka ne, alhali ba haka abin yake ba. Makarantar da yarana ke zuwa ta gwamnati ce, ba a biyan kuɗin karatu sai na yunifom da na abincin rana, kuma kowane laifi an rubuta hukuncinsa tun kafin a aikata shi. Idan yaro ya makara, ko ya zo babu aikin gida, ko ya yi surutu bayan an gargaɗe shi, malami zai shigar da laifin a kwamfuta nan take, saƙo ya iso wayata kafin yaron ya dawo gida. Hukuncin da aka fi yi shi ne a tsare shi bayan an tashi, ya zauna shiru yana aikin da ya ƙi yi, abokansa kuwa sun tafi. Wanda ya ci gaba da taurin kai a ware shi a wani ɗaki da littattafansa, daga nan sai dakatarwa ta wasu kwanaki, ƙarshe kuma kora. Iyaye ma ba su tsira ba, domin tun watan Agustan 2024 tarar fashin makaranta ba da izini ba ta zama fam 80, ta koma fam 160 idan kwana 21 suka wuce ba a biya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da ake zartar da hukuncin. Ka san abin da ke faruwa a ƙofar makarantunmu da safe: 'yan makara a durƙushe, wasu na kamun kunne, wasu na tsallen kwaɗo, sauran an ba su shara ko yankan ciyawa, har darasi na farko da na biyu su wuce. Sau da yawa kuma Lissafi da Turanci ake sa wa a wannan lokaci, darussa biyun da in babu kiredit ɗinsu a WAEC ko NECO ƙofar yawancin kwasa-kwasan jami'a a rufe take. Yaron da ya taso daga Rijiyar Zaki ko Hotoro, ya sha jiran A Daidaita Sahu, shi ne kullum ke rasa su, a ƙarshen zango kuma a sake zane shi saboda ya faɗi. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ban musa ba, amma bulalarmu ta dogara ne da halin da malami ya tashi da shi, wani lokaci ma firifet ne ke riƙe da ita, shi ya sa yaro ke koyon gudun mai dukan maimakon gudun laifin.

Akwai wata makarantar gwamnati a unguwar Wembley ta birnin Landan mai suna Michaela, wadda aka buɗe a 2014 ƙarƙashin Katharine Birbalsingh. Ɗalibai ba sa magana a baranda tsakanin darasi da darasi, kuma mantuwar biro kaɗai tana jawo tsarewa. Da yawa daga cikin yaran 'ya'yan talakawa ne da na baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe, amma a 2022 da 2023 ita ce ta zo ta ɗaya a Ingila a ma'aunin Progress 8, wanda gwamnati ke auna ci gaban yaro da shi daga ƙarshen firamare zuwa GCSE, jarrabawar sakandaren nan mai kama da WAEC. Masu sukarta suna cewa tsananin ya yi yawa, sai dai ko su ba su musanta sakamakon ba.

Kada ka ɗauka komai na nan abin koyi ne. Akwai makarantun da yaro zai kalli malami ido cikin ido ya gaya masa maganar da a Kano ko ɗan daba zai ji nauyinta, kuma rashin kunyar ɗalibai na cikin dalilan da malamai ke bayarwa idan sun ajiye aikin. Yaran da aka kora kuma yawanci ba sa fita da sakamakon kirki. Ladabin da yaranmu ke tasowa da shi daga gida da islamiyya abu ne da malaman nan suke yabawa a fili ranar ganawa da iyaye.

Na kuma san cewa aji a nan da wuya ya wuce ɗalibai 30, kai kuwa ka shaida mini cewa naka ya haura ɗari, kuma irin wannan cunkoso na cikin abin da ya sa Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Kwamfuta da manhaja ba su ne a gabanku ba tukuna. Abin da nake ganin za ku iya farawa da shi shi ne littafi guda na rubuta laifuka, da lambar wayar kowane uba, da barin ɗan makara ya shiga aji, a ɗage hukuncinsa zuwa bayan an tashi. Inda ake da 'yan safe da 'yan yamma, ajin da za a tsare su bayan an tashi ba zai samu ba, sai a mayar da tsarewar lokacin hutun tara, a kuma raba wa malamai kwanakin sa ido don kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya.