Takin gida: rami ko bokiti mai murfi?

Iyalin da hidima ta yi wa yawa ma suna iya mayar da ɓawon kayan lambu taki, ta hanya biyu.

Rami ya fi sauƙi ga mai fili. A haƙa zurfin santimita 40, a zuba, a rufe da ƙasa, shi ke nan. Sai dai yakan ɗauki watanni kafin ya ruɓe, in kuma ba zurfi ɓeraye za su tone.

Bokitin lita 20 kuwa na mai ƙaramin gida ne, amma yana son kulawa. A huda gefensa da gindinsa don iska ta shiga, ruwa ya tsane. Duk kwano ɗaya na ɓawo a bi shi da biyu na busasshen ganye ko yagaggen kwali, a riƙa juyawa mako-mako. Yara na jin daɗin wannan aikin. In ya fara wari, laima ce ta hana iska, sai a ƙara busasshe. A damƙa a gani: ya yi danshi, amma kada ya ɗiga.

Nama da mai kada su shiga bokiti, ƙuda suke janyowa. Wanda ko minti biyar ba ya samu a mako, rami ya fi masa.