Wata huɗu ina amfani da tostar sanwic, ga abin da ya yi daɗi a ciki da wanda ya ɓata min burodi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan Babbar Sallah nake ta cewa zan yi maganar tostar nan da na sayo a babbar kasuwa ta Sheikh Gumi a nan Kaduna, sai yau Allah ya nufa. Abin da ya sa na saye ta ba wani abu ba ne illa yara, su uku ne kuma mu muna Unguwar Dosa makarantarsu tana Unguwar Rimi, in ba mu bar gida kafin bakwai ba to mun shiga goslo ke nan, ga shi sun gaji da taliyar yara kullum kullum har ƙaramar ta fara dawo min da kula yadda na zuba.

Ita tostar irin mai murfi ce da ake rufewa ta danne burodin, tana cin yanka huɗu ta fitar miki da guda huɗu masu kusurwa uku, bakinsu a manne. An rubuta wat 750 a ƙasanta, wuta ja da koriya, in koriyar ta kama ta yi zafi ke nan, minti uku zuwa huɗu kin gama. Ta wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi sam. Inda ta ba ni haushi shi ne wayarta gajeriya ce ƙwarai sai da na nemo ƙarin waya, farantin ciki kuma ba ya cirewa, wanki sai da tsumma mai ɗan danshi bayan ta huce, kuma kada ki kuskura ki sa cokali ko soson ƙarfe don baƙin fentin nan da ke hana abu mannewa zai kankare. Maƙallin murfin ma roba ce, a wata na biyu ya tsage, amma gaskiya ni na cika mata kaya na danna da ƙarfi. In an ɗauke wuta kuma ƙaramin janaretanmu nishi yake yi da ita sai an kashe firji.

To amma abin da na zo faɗa shi ne abin da ake sawa a ciki, don a nan na sha wahala kafin na gane kanta.

Dambun nama. Wallahi in kina da dambun nama a gida kin gama da matsalar abin kari. Na layya ne ya rage mana cikin bokiti, ran nan ba ƙwai a gidan na ce bari in gwada, na ɗebi kamar cokali uku na sa rabin cokalin Bama na cakuɗa, na yanka albasa siriri siriri na zuba, na shafa Blue Band a bayan burodin ba a ciki ba. Da na buɗe murfin ƙamshin citta da kanumfari har falo, Abban yara ya leƙo kicin yana tambaya me ake soyawa da sassafe haka. Sirrin dambu shi ne a bushe yake, ba ya jiƙa burodi, kuma ya riga ya sha kayan ƙamshi da mai tun wajen suya, zafin tosta kawai tayar da su yake yi. Bamar kuma aikinta ta riƙe shi kada ya zube wa yaro a yunifom, don haka kaɗan ta isa, in ta yi yawa sai ta danne ɗanɗanon naman ki ji kamar man kawai kike ci. Ko da ya huce a jaka har lokacin tara bai canja ba. Na kaza ma ya yi amma na rago ya fi shi nesa ba kusa ba.

Mai bi masa shi ne ragowar tsire ko balangu. In Abbansu ya shigo da shi da dare nakan ware kaɗan in sa a firji, da safe in daddatsa ƙanana in cire jijiya da kitsen da ya daskare, in haɗa da yajin da ke manne a takardar. Wannan yajin kada ki zubar don Allah, ƙuli-ƙulin ciki in ya ji zafi wani ƙamshin gyaɗa yake bayarwa da babu abin da zai ba ki shi a kanti. Ɗan kabeji a kai ya wadatar, amma ki barbaɗa masa gishiri tukuna ki bar shi minti biyar ki matse ruwan.

Ƙwai kuwa na daɗe ina yin kuskure, ina soya shi ya soyu sosai sannan in sa a tosta, sai ya fito kamar soso. Wani mai shayi a bakin layinmu na tsaya na kalla, na ga shi yana ɗora burodi a kan ƙwan tun samansa bai gama kamawa ba, na ce Malam me ya sa, ya ce Hajiya ai zafin burodin zai ƙarasa shi. Tun daga ranar haka nake yi, albasa da attarugu ɗaya da rabin magi, in sauke da sauran laushi, tosta ta ƙarasa. Banbancin kamar sama da ƙasa.

Sadin ma ya yi, Titus nake saye, gwangwani ɗaya da dafaffen ƙwai biyu yana yi wa su ukun. Sai dai ki tsiyaye man sosai ki matsa ɗan lemon tsami don ƙarni. Shi kuwa kifin gwangwani mai miyar tumatir a ciki ban ƙara sawa ba, ruwan ya bi gefe ya ƙone a farantin na kwana biyu ina gogewa.

Ɗanyen tumatir ma haka, ya jiƙa min burodi ya zama kamar kunu a tsakiya, ga shi yana riƙe zafi har ya ƙona wa babban yaron leɓe. In dole ne sai kin sa to ki cire 'ya'yan da ruwan. Fiya ina sonta sosai amma ba ta son wuta, na gasa ta sau ɗaya ta yi ɗaci, yanzu sai na gasa burodin daban in buɗe in shafa ta da gishiri da lemon tsami, shi lemon yana hana ta yin baƙi da wuri. Kilishi ya yi tauri, yaro ya ciza gaba ɗaya ya biyo haƙori. Cukun Fulani kuma na ɗauka zai narke ya ja kamar cis ɗin kanti, ashe shi ba ya narkewa ko kaɗan, yadda kika sa shi haka za ki same shi.

Wanda ya ba ni mamaki awara ce. Yayata ta Tudun Wada ce ta ce in gwada, na ce Yaya awara a burodi kuma, ta ce ke dai yi ki gani. Soyayyiya na marmasa da cokali mai yatsu, na sa yaji da albasa da ɗan ƙwai ɗaya ya haɗe ta, wallahi ta yi, kuma tana riƙe ciki, ga sauƙin kuɗi yanzu da kiret ɗin ƙwai ya zama abin da ya zama.

Sai maganar burodi da ba na so in manta. Burodinmu na nan akwai suga da yawa, shi ya sa yake saurin yin baƙi a tosta tun cikin bai ɗau zafi ba, ki nemi yankakke marar zaƙi sosai, kuma wanda ya kwana ɗaya ya fi sabo gasuwa don sabon laushi ne da shi sai ya lotse. In babban burodi ne da za ki yanka da kanki kada ya wuce kaurin yatsa, shi ne abin da ya ci min maƙalli.

Satin da ya wuce Hajiyarmu za ta Abuja ganin likita, jirgin ƙasa na safe daga tashar Rigasa, na tashi da asuba na yi mata guda huɗu na dambu biyu na awara, na bar su suka sha iska kafin na naɗe don in an rufe da zafi gumi suke yi su yi laushi. Da ta sauka tashar Idu ta kira ni ta ce matar da ke kusa da ita ta ci biyu har tana tambayar a wane shago aka saya, Hajiyar kuma ta ce kafin ta dawo in ajiye mata dambun da ya rage kada yara su ƙarar.