Kambas, keke ko injin gudu: me mai ciwon suga zai saya?

Da zarar likita ya ce "suganka ya hau, ka riƙa motsa jiki", hankalin mutum sai ya tafi kasuwa. Kafin kuɗi su bar aljihu, a fara sanin abin da ake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiyar da numfashi ke ɗan hawa amma kana iya hira, da kuma aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Wani babban bincike a Amurka, da aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya bi mutane sama da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu. Waɗanda aka ɗora kan rage ƙiba da wannan minti 150, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, wani maganin ciwon suga, kuwa, kashi 31. Tafiya da sauri aka fi ba su shawara, ba wata na'ura ba.

Tsoka idan tana aiki takan zuƙe suga daga jini ko da insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka, bai wadata ba, amma amfanin yakan dushe bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ba a son a jera fiye da kwana biyu ba a motsa ba. Don haka abin saye shi ne wanda za ka iya ɗauka kullum.

Injin gudu? Ga tsada, ga shan wuta, in ya lalace neman mai gyara ma aiki ne. Gidan motsa jiki kuwa, sai wanda yake kusa da shi kuma albashinsa ke da rara. Keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya ya fi su, musamman ga uwargidan da ba ta fita, ko mai ciwon gwiwa, ko wanda ƙafarsa ta riga ta fara mutuwa, wato ta fara daina jin taɓi da zafi. Robar ja, wadda ake ja da hannu ko ƙafa don motsa jiki, ba ta da tsada, ta isa aikin tsoka.

Ni dai kambas nake saya wa mutane, kuma a kansa nake da tsanani. Ciwon suga yana cin jijiyoyin ƙafa a hankali har mutum ya daina jin zafi. Wani kawuna ya sayi sabon takalmi mai ƙyalli da tambarin babban kamfani, ashe jabu ne. Akwai wani ɗinki mai kauri a ciki daidai ƙaramin yatsa. Bai ji komai ba, sai da matarsa ta ga jini a safa. Gyambon ya ƙi warkewa, ƙarshe yatsan aka cire.

To in za ka saya, je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. Zura hannu ciki ka shafa har ƙurya. In ka ji ɗinki, tudu ko busasshen gam, ajiye shi. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, bakin ya zama mai faɗi. Lanƙwasa shi: a wajen yatsu ya kamata ya lanƙwashe, ba a tsakiya ba. Matsa dunduniyar, in ta lotsa ba shi da ƙwari. Mai igiya ya fi, domin kana iya sassautawa. Kar ka yarda da "Alhaji, zai buɗe in ka saka". Kafin ya buɗe ya yi ɓarna. Gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu, amma duba ƙasansa, in ya cinye ta gefe ɗaya ya riga ya ɗauki tafiyar wani. Wanda ƙafarsa ke mutuwa ya haƙura da gwanjo gaba ɗaya, ya kuma riƙa duba tafin ƙafa kowane dare.

Masu cuta sun yi yawa a wannan harka. Akwai bel mai girgiza tumbi da ake cewa yana narkar da kitse kana zaune. Fatarka kawai yake kaɗawa, ba tsokarka ke aiki ba. Akwai silifa mai ƙuraje a ciki da ake kira takalmin tausa, wadda ga mai suga hanyar gyambo ce. Akwai masu lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwa garinsu yana "wanke suga" cikin mako guda, har su ce a ajiye maganin asibiti. Tsinken gwajin suga ma bai tsira ba: duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, kar ka karɓi wanda aka zazzage daga robarsa ana sayarwa ɗai-ɗai.

Mai allurar insulin ko mai shan maganin suga na glibenclamide ya gwada jininsa kafin ya fita, domin tafiya na iya saukar da suga ya yi ƙasa sosai, ƙasa da 70 mg/dL a na'urar gwaji. Ya sa dabino ko sukarin shayi a aljihu, in ya ji karkarwa, gumi mai sanyi ko jiri, ya tsaya ya ci. Lokacin zafi a fita bayan asuba ko dab da magariba, da gorar ruwa a hannu.